Takardar Iznin Aiki da Matsayin Baƙo a Yarjejeniyar Ciniki ta Afirka ta Yamma

Ranar Litinin, 17 ga Janairu, 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida na Nijeriya, Alhaji Ali Baba, ya ba da sanarwa cewa duk baƙon da ke zaune a ƙasar ba tare da cikakkun takardu ba, an ba shi mako biyu ya tattara nasa-ya-nasa ya fita. Daga baya aka ɗan sassauta wa masu sana'a, irin su malaman makaranta da ma'aikatan jiyya da magina da kafintoci, aka ƙara musu wa'adi zuwa ƙarshen watan Fabrairu. An ƙiyasta cewa mutanen da suka fita a cikin waɗannan makonni sun kai wajen miliyan 2, kusan rabinsu mutanen Ghana ne, sauran kuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru da Togo da Jumhuriyar Benin suke. Abin lura a nan shi ne, sa'ad da aka yi wannan kora ba a cika shekara huɗu ba da taron Dakar, inda shugabannin Afirka ta Yamma suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa daga cikinsu damar shiga ƙasar 'yar'uwarta ba da biza ba. Nijeriya kuwa ita ce uwa da makarɓiya wajen kafa ƙungiyar da ta shirya taron. Da aka yi ta sukar gwamnatin Shugaba Shehu Shagari, sai ta amsa da cewa ba ta karya ko harafi ɗaya na yarjejeniyar ba. In an bi abin da ke rubuce, gaskiyarta ne, domin yarjejeniyar iznin shiga ta bayar, ba ta kai ga iznin aiki ba tukuna. Tazarar da ke tsakanin waɗannan izni biyu ita ce za a bi diddiginta a nan.

Zamanin ayari da zango

Tafiyar neman abinci tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja ta girmi kowace iyaka da ake gani yau a taswira. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Sakkwato a ƙarƙashin madugu, da jakai da takarkarai, ɗauke da kanwa da tufafin saƙi da jemammun fatu, su ƙetare Kwara wajen Yawuri ko Busa, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yandi, har su sauka Salaga. Tafiya ce ta watanni, abin da ake komowa da shi kuwa goro ne. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da wannan fatauci suka yi suna. Bai kamata a ɓoye ba cewa Salaga kasuwar bayi ce kuma, watau akwai waɗanda suka bi wannan hanya ba da son ransu ba.

Babu fasfo a wancan zamani, amma kuskure ne a ɗauka cewa hanya a sake take. Akwai kuɗin fito a bakin kogi, akwai garama da gaisuwar sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, wanda kuwa ya ƙi biya ya san abin da zai tarar a daji. Sarakunan Asante ma sun daɗe suna tsare fataken arewa a kasuwar Salaga, ba su yarda su kutsa cikin kurmi inda goron ke fitowa ba, don kada ribar tsakani ta kuɓuce wa mutanensu. Ke nan tunanin keɓe wata sana'a ga 'yan ƙasa ba Bature ne ya kawo shi ba. Abin da ya bambanta wancan tsari da na yau shi ne mai masauki. Shi ne zai ba baƙo ɗaki a zango, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa lamuni a wurin masu saye, ya tsaya masa a gaban sarki in an yi rigima, sa'an nan ya karɓi la'adarsa. Muddin baƙo yana da wanda zai ce "nawa ne", to, ya sami iznin zama da na sana'a gaba ɗaya.

Turawan mulkin mallaka sun shata iyakoki, alal misali wadda ta raba Katsina da Maraɗi, wadda Ingila da Faransa suka yi ta gyara ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Amma buƙatarsu ga 'yan ƙwadago ta fi buƙatarsu ga tsaron iyaka. Gonakin koko da ramukan zinariya na Obuasi da Tarkwa sun janyo dubban mutane daga ƙasar Mosi da Zabarma da Arewacin Nijeriya. Tun daga 1912 hukuma ɗaya ce ke buga kuɗin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, saboda haka sulen da aka samu a Kumasi shi ne za a kashe a Kurmi. Alhassan Ɗantata, kafin ya zama babban attajirin gyaɗa a Kano, cinikin goro ya yi a Ankara, babban birnin Gwalkwas, yana aika da shi Ikko ta jirgin ruwa. A wajen Faransa kuwa, ƙasashe takwas ne a ƙarƙashin Gwamna Janar ɗaya a Dakar, kuma akawuna da malaman makaranta 'yan Dahome sun bazu ko'ina cikinsu. Wani sashe na wannan zirga-zirga aikin tilas ne, wanda Faransa ba ta soke ba sai a 1946. Ƙidayar da aka yi a Ghana a 1960 ta nuna cewa kusan kashi 12 cikin 100 na mazaunanta asalinsu daga waje yake.

Yadda baƙo ya zama baƙon haure

A Hausa, kalmar baƙo tana tafe ne da haƙƙi: ruwan sha, da shimfiɗa, da abinci, da rakiya. Dokokin da sababbin ƙasashe suka kafa bayan samun mulkin kai sun zo da wata ma'ana dabam, watau mutumin da ba shi da ikon zama sai hukuma ta yarje masa. Da masu fassarar labarai suka rasa yadda za su yi da wannan sabuwar ma'ana, sai suka ƙirƙiro baƙon haure, wanda ya hauro katanga bai yi sallama a zaure ba. Kalmar ta zauna, ko da yake da yawa daga waɗanda aka laƙaba wa ita a cikin gidan aka haife su.

Abin ya fara tun da wuri. A 1957, shekarar da Ghana ta sami mulkin kai, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, manyan zangon Kumasi masu goyon bayan 'yan hamayya, ta tura su Nijeriya. Da suka kai ƙara kotu suna cewa su 'yan Ghana ne, sai majalisa ta zartar da doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, shari'ar ta mutu. A 1958 aka yi tarzoma a Abijan a kan ma'aikata 'yan Dahome da Togo, dubbai suka koma gida. A ƙarshen 1963 Nijar ta sallami ma'aikatan gwamnati 'yan Dahome saboda gardamar tsibirin Lete. A wannan shekara ta 1963 ne kuma Ghana da Nijeriya, kowacce ta kafa dokarta ta shige da fice. Shugaba Houphouet-Boigny na Kwaddebuwa ya kawo shawarar a ba 'yan ƙasashen maƙwabta damar zama 'yan ƙasa biyu, amma a 1966 tilas ya janye ta, domin ma'aikatan ƙasarsa sun ji tsoron za a raba guraben aiki da su.

Babbar girgiza ita ce ta 18 ga Nuwamba, 1969. Dokta Kofi Busia bai cika wata uku a kan kujerar Firayim Ministan Ghana ba ya ba da umurnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar iznin zama ya neme ta cikin mako biyu ko ya fita. Aiki ya yi wuya, 'yan kasuwar ƙasa kuma suna ƙorafin cewa baƙi sun mamaye kasuwanni. Takardar da ake nema ba ta samuwa sai da fasfo, akasarin mutanen kuwa ba su taɓa riƙe fasfo ba, gama sa'ad da suka zo babu mai tambayarsa. An ƙiyasta cewa wajen mutum 200,000 suka fita cikin 'yan watanni. Daga cikin 'yan Nijeriya Yarabawa ne suka fi yawa, amma zangunan Hausawa na Kumasi da Ankara su ma sun ji jiki. Haihuwa a Ghana kaɗai ba ta isa ta mai da mutum ɗan ƙasa ba, saboda haka aka ga dattijon da kakansa ya zo tun zamanin Salaga yana neman motar da za ta kai shi garin da bai taɓa gani ba, a ƙasar da ke tsakiyar yaƙin basasa. Ba a jima ba manoman koko suka fara kukan rashin 'yan ƙwadago, har gwamnati ta sassauta wa masu aikin gona.

Ikko 1975, Dakar 1979

Da wannan tabo a zukatan mutane Janar Yakubu Gowon da Janar Gnassingbe Eyadema na Togo suka shiga neman goyon bayan kafa ƙungiyar tattalin arziki ta yankin duka. Hanyar ba ta zo da sauƙi ba, don kuwa ƙasashe shida renon Faransa sun riga sun kafa tasu a 1973, kuma suna ɗari-ɗari da girman Nijeriya. Duk da haka ranar 28 ga Mayu, 1975, ƙasashe 15 suka sa hannu a Ikko a kan yarjejeniyar kafa Ƙungiyar Tattalin Arzikin Ƙasashen Afirka ta Yamma, watau ECOWAS. Ainihin manufarta ciniki ne: a rage kuɗin kwastan sannu a hankali har a soke shi. Amma sashe na 27 ya ce za a ɗauki 'yan ƙasashen a matsayin 'yan ƙungiya ɗaya, a kawar da abin da ke hana su tafiya da zama da aiki. Yadda za a yi hakan aka bar wa gaba.

Gaban ita ce yarjejeniyar Dakar ta 29 ga Mayu, 1979, wadda ta kasa al'amarin mataki uku, za a kammala su cikin shekara 15. Na farko, ikon shiga: mai riƙe da sahihiyar takardar tafiya da katin allurar rigakafi zai shiga ba da biza ba, ya zauna har kwana 90. Na biyu, ikon zama, wanda ya ƙunshi neman aikin albashi. Na uku, ikon kafa sana'a ko kamfani. Matakin farko kaɗai ya fara aiki a 1980. Har ila yau sashe na 4 ya bar wa kowace ƙasa ikon hana wanda dokarta ta ce ba a so shigowa, ba tare da an fayyace ko wane ne shi ba.

A nan yana da amfani a dubi yadda wasu suka yi. Yarjejeniyar birnin Rum ta 1957, wadda ta kafa Kasuwar Tarayyar Turai, ta sa 'yancin ma'aikata a cikin ginshiƙanta tun farko, musamman saboda nacin Italiya, wadda kudancinta ke fama da rashin aikin yi a lokacin da masana'antun Jamus ta Yamma ke neman hannu. A 1968 aka kammala shi: Ba'italiye zai nemi aiki a Jamus ba da takardar iznin aiki ba, kuma ba za a fifita Bajamushe a kansa ba, sai fa a aikin gwamnati. Ko a can ma da aka shigar da ƙasashen gabashin Turai a 2004, an ba tsofaffin membobi damar rufe ƙofar aiki har shekara bakwai. Ingila na cikin ƙasashe uku da suka buɗe nan take, kuma yawan waɗanda suka shigo yana daga cikin manyan abubuwan da aka yi gardama a kansu a ƙuri'ar ficewarta ta 2016.

Amurka ta Arewa ta bi wata hanya. Yarjejeniyar NAFTA tsakanin Amurka da Kanada da Meksiko, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1994, ta ware babi na 16 don shigar mutane na ɗan lokaci, ta kuma kasa su gida huɗu: mai ziyarar kasuwanci, da ɗan kasuwa ko mai zuba jari, da ma'aikacin da kamfaninsa ya yi wa canjin wurin aiki, da gwanin sana'a. An jera sana'o'i sittin da 'yan kai, irin su injiniya da akanta da lauya da malamin jami'a, akasarinsu sai mai digiri. Wanda sana'arsa ke cikin jerin, in yana da wasiƙar wanda zai ɗauke shi aiki, zai sami takardar izni ba sai an fara tabbatar da cewa an rasa ɗan ƙasa mai iya aikin ba. Duk da haka Amurka ta ƙayyade wa 'yan Meksiko gurbi 5,500 a shekara har zuwa 2004. Manomin masara na Meksiko, wanda masarar Amurka mai araha ta karya wa kasuwa, babu sunansa a jerin ko kusa. A shekarar 1994 ɗin ma aka ƙara tsananta tsaron iyaka a wajen San Diego. Yarjejeniyar da ta gaji NAFTA a 2020 ta bar jerin kusan yadda yake. Wannan tsari yana da rowa, amma bai yi wa kowa alkawarin da ba zai cika ba. Shugabannin Afirka ta Yamma sun ɗauki alkawari irin na Turai, alhali kuwa zukatan ma'aikatunsu na cikin gida sun fi karkata ga irin rowar Amurka.

Korar 1983 da abin da ya biyo baya

Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya juya akalar ƙaura. Ghana, wadda ta yi kora a 1969, tattalin arzikinta ya durƙushe, 'ya'yanta suka kwararo Nijeriya. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya buɗe makarantu fiye da malaman da ake da su, sai malaman Ghana suka cike giɓi, har a ƙauyukan Arewa. Wasu suka shiga gini da tuƙi da ɗinki da gyaran takalma. Fari na farkon shekarun 1970 kuma ya koro mutanen Nijar da Chadi, ciki har da Buzaye da suka zama masu gadi a Kano da Kaduna da Ikko. Dokar 1963 ta ce baƙo ba zai yi aiki ba sai da yardar hukumar shige da fice, kamfani kuma ba zai ɗauki baƙo ba sai an ba shi gurbi. An tsara dokar ne da tunanin injiniyan Bature ko manajan banki, mai kamfani a bayansa da wasiƙa a hannunsa. Mai shayi da mai ga-ruwa da ɗan ci-rani ba su da kamfanin da zai nema musu gurbi. Ashe ke nan tun ran da suka fara sana'a suna kan laifi, sai dai ba wanda ya damu muddin kuɗi na gudana.

Daga 1981 kuɗin mai ya fara ja da baya, a watan Afrilu na 1982 gwamnati ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, masana'antu suka shiga sallamar ma'aikata, ga kuma zaɓe yana tafe a watan Agusta na 1983. Sai aka haɗa da maganar tsaro. Rikicin Maitatsine na Disamba 1980 ya ci rayuka fiye da 4,000 a Kano, ya sake ɓarkewa a Bulunkutu da Kaduna a watan Oktoba na 1982, jama'a da dama kuwa suka ɗora laifin a kan buɗe iyaka. Wannan zargi bai da ƙarfi in an auna shi. Muhammadu Marwa daga Kamaru ya fito, Kamaru kuwa ba ta cikin ECOWAS. Ya zauna Kano shekaru da yawa kafin taron Dakar, har an taɓa korarsa a 1962 ya komo. Akasarin mabiyansa da aka kama kuma 'yan Nijeriya ne. Amma a lokacin tsoro ba a cika auna magana ba. Dama tun a Janairu 1980 an ga yadda za a iya mai da dokar baƙi makamin siyasa, sa'ad da aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno, aka tsallakar da shi Chadi a kan wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta mayar masa da haƙƙinsa.

Wahalar 1983 ta ƙaru ne domin gwamnatin Jerry Rawlings ta rufe iyakokin Ghana tun watan Satumba na 1982. Togo da Benin suka ƙi barin mutane su shigo don kada su maƙale musu, saboda haka dubun dubata suka yi kwanaki a filin Allah a bakin iyakar Seme da tashar jiragen ruwa ta Apapa, wasu suka mutu a turmutsitsi da yunwa, har sai da Ghana ta buɗe a ƙarshen Janairu. Sun koma ƙasar da ke fama da fari da gobarar daji. Jakar leda mai ratsi-ratsi da suka zuba kayansu a ciki, tun daga ran nan ta sami sunan da aka san ta da shi a kasuwannin Nijeriya. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Afrilu na 1984 saboda canjin kuɗi, ta kuma yi wata korar a 1985, wadda aka ƙiyasta ta shafi mutum 700,000. Rufewar ta zo daidai da fari mai tsanani, har talakawan Nijar suka sa wa yunwar shekarar sunan shugaban na Nijeriya. Ba a buɗe iyakokin ba sai a watan Maris na 1986, zamanin Janar Ibrahim Babangida.

Wata huɗu bayan haka, ranar 1 ga Yuli, 1986, aka sa hannu a Abuja a kan mataki na biyu. Darasin 1983 ya fito fili a cikinsa, domin ya haramta korar baƙin ma'aikata a dunƙule, ya ce kowane mutum a duba maganarsa shi kaɗai. Ya ba ɗan ƙungiya ikon neman aiki da yin sa, ban da aikin gwamnati, kamar dai yadda Turai ta yi. Sai dai ya ɗaure wannan iko da katin zama wanda ƙasar da aka sauka ce za ta bayar bisa ƙa'idojinta. Mataki na uku ya biyo baya a Banjul a 1990, aka kuma sake nanata duka ukun a sabuwar yarjejeniyar ƙungiyar da aka sa wa hannu a Kwatano a 1993. A 1990 ɗin ne Kwaddebuwa, ƙasar da ta fi kowacce yawan baƙi a yankin, ta ƙaƙaba musu katin zama na kuɗi, wanda ya zama hanyar tatsa a kowane shingen 'yan sanda, ba a ɗauke wa 'yan ECOWAS shi ba sai a 2007. A taron Ankara na 2014 shugabanni suka amince a soke katin zama baki ɗaya, a maye gurbinsa da katin shaida na zamani, wanda Sinigal ta fara bayarwa a 2016.

Mataki na uku ne ya fi cijewa, dalili kuwa a bayyane yake: mafi yawan mutanen yankin ba albashi suke ci ba, sana'ar kansu suke yi, saboda haka ikon kafa rumfa ya fi musu ikon neman aiki muhimmanci. Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa talla da sayarwa a rumfar kasuwa da aski da gyaran gashi, ta kuma ce baƙon da zai yi cinikin saye da sayarwa sai ya kawo jarin dala miliyan 1, ya ɗauki 'yan Ghana 20 aiki. Ba ta ware ɗan ECOWAS daga sauran baƙi ba. A bisa wannan aka rufe shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Ankara a 2019 da 2020. Da Nijeriya ta yi ƙorafi, amsar Ghana a shirye take, don a watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, kayan Ghana suka yi watanni a kan manyan motoci, ba a fara buɗewa ba sai a Disamba 2020, da Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Kowacce daga cikin ƙasashen biyu tana da hujja a kan 'yar'uwarta, kuma duka hujjojin gaskiya ne.

A fagen nahiyar duka ma haka abin ya kasance. Ranar 21 ga Maris, 2018, ƙasashe 44 suka sa hannu a Kigali a kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, aka kafa ofishinta a Ankara, aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairu, 2021. A wannan zama na Kigali an gabatar da wata takarda ta biyu, ta 'yancin tafiya da zama da aiki, wadda ke buƙatar ƙasashe 15 su tabbatar da ita kafin ta fara aiki. A cikin shekara biyar na farko ƙasashe huɗu kaɗai suka yi haka: Ruwanda da Nijar da Mali da Sao Tome.

Biyu daga cikin huɗun nan, Nijar da Mali, tare da Barkina Faso, su ne kuma suka fice daga ECOWAS. Bayan juyin mulkin Yamai na Yuli 2023 ƙungiyar ta sa wa Nijar takunkumi, iyakar Nijeriya da Nijar ta kasance a rufe har watan Maris na 2024, kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari suka yi sanyi, haka ma na Maraɗi da Birnin Ƙonni. Ficewar ƙasashen uku ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. A wannan rana hukumar ƙungiyar ta umurci sauran ƙasashe 12 da su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na mutanen ƙasashen uku, su kuma bar musu ikon shiga da zama da sana'a har zuwa lokacin da za a ba da wata sanarwa. Daga ran nan magini ɗan Maraɗi mai aiki a Kano, da mahaucin Tawa mai rumfa a zangon Kumasi, matsayinsu ya tashi daga kan yarjejeniyoyin 1979 da 1986 da 1990, ya koma kan wannan sanarwa ta wucin gadi.